Tumatir Ba Ya Jiran Sulhu

Duk wanda ya yi sammako zuwa kasuwar Mile 12 a Ikko, ko Bodija a Badun, zai tarar da manyan motoci jere ana sauke kwandunan tumatir da tattasai da buhunan albasa da wake, kayan da suka kwana biyu ko uku a hanya. Da yawan tumatirin nan daga Kadawa da Kura ya fito, inda noman rani ya bunƙasa bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974. Albasa tana zuwa daga Aliero ta Jihar Kebbi, wake daga Dawanau, shanun da ake yankawa a Agege kuwa akasarinsu an ɗoro su ne daga kasuwanni irin su Potiskum da Maigatari da Mubi. Wato jar miyar da Bayarabiya ke zubawa a kan shinkafa, da alalen da take nannaɗewa a ganye, duk akwai gumin manomin Arewa a ciki.

Wannan ciniki ya girmi mota. A da, fataken Hausa sukan yi watanni a hanya da jakunansu zuwa Gwanja neman goro. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, manoman Yarabawa kuma suka dukufa ga dashen goro a wajen Agege da Shagamu, sai akalar fatauci ta juyo Kurmi. A 1916 aka kafa unguwar Sabo a Badun. Can ne masu masauki ke saukar da baƙo, su ajiye masa dukiyarsa, su haɗa shi da dillali, a ba mahauci sa bashi ba tare da takarda ba, amana kawai. Motar da ta sauke albasa kuma ba ta komawa wayam. Goro da manja da garin rogo take ɗauka. In da za a hana goron Kurmi haurawa, da an ga yadda ɗaurin aure da raɗin suna za su kasance a Kano da Sakkwato.

Dalilin tuna wannan tarihi shi ne abin da ya faru a watan Fabrairu na 2021. Rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha ta Badun, aka rasa rayuka, aka ƙone rumfuna da gidaje. Bisa ga haka haɗaɗɗiyar ƙungiyar fataken abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu, aka tare motoci a wajen Jebba har kimanin mako guda. Babu mai musun cewa kukan fataken nan gaskiya ne. An kashe musu 'yan'uwa, an ƙone musu dukiya, ga kuma shingaye barkatai a hanya, kowane da kuɗin da ake karɓa.

Amma fa a duba wanda ya ji jiki. Lalle kaya sun yi tsada a Ikko, matan gida sun koka. Alhali kuwa a Kano farashin kwando faɗuwa ya yi warwas, domin lokacin kakar tumatir ne, shi kuwa tumatir ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu a jira. Manomin da ya ci bashin taki da man injin ban ruwa shi ya tsaya yana kallon amfaninsa na ruɓewa. Sannan mai tsire da mai shayi da ɗan dako da ke zaune a Kurmi da iyalinsu, su ne suka kwana da fargaba, ba waɗanda suka ba da umurni daga nesa ba.

Saboda haka wannan jarida tana kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su kafa kwamitin haɗin gwiwa da masu masaukinsu a kowace babbar kasuwa, wanda zai riƙa zama kowane wata, ba sai wuta ta tashi ba. Sau da yawa cacar baki ce tsakanin mutum biyu ke zama rikicin ƙabila, don ba a sami dattijon da zai tsawata da wuri ba. 'Yan Arewa mazauna Kudu kuma su yi rajistar zaɓe a inda suke zaune. Shugaban ƙaramar hukuma ya fi jin maganar mai ƙuri'a.

Ita kuwa Gwamnatin Tarayya, wajibi ne ta kawar da shingayen da ba bisa doka ba, ta maido da jigilar shanu da kayan gwari ta jirgin ƙasa, ta kuma gina ɗakunan sanyi a Kadawa da Mile 12, domin asarar da ake yi tsakanin gona da tukunya ta ragu.