Haƙuri Kaɗai Ba Ya Riƙe Aure

Mai karatu, ranar kai amarya gargaɗi ɗaya ake yi mata: ki yi haƙuri. Haƙuri abu ne mai kyau. Amma a ganinmu, haƙurin da babu magana a cikinsa yakan zama ciwo. Mutum yana cikin gida, zuciyarsa ta daɗe da fita.

Dubi 'yan'uwanmu na Zangon Lome, a ƙasar Togo. Fatake ne suka kafa unguwar, masu cinikin shanu da goro. A shekara ta 1977 gwamnati ta tashe su daga tsakiyar birni, ta mai da su wajen kilomita 15 arewa, bakin hanyar da ta nufi Burkina Faso. Da yawa asalinsu Kano ne, ko Sakkwato, ko ƙasar Nijar. Dangi suna nesa, maigida kuma yakan yi makonni a hanya. In aure ya zauna a wuri irin wannan, ba tsoron idon dangi ne ya zaunar da shi ba. Haka gidanka yake in ka tafi cin rani. To, me ke riƙe shi?

Na fari, yarda. Maigida, in ciniki ya karye, faɗa wa matarka. In ka ɓoye, za ta ga cefane ya ragu, ta zaci wata kake nema. Zato ya fi talauci cin zuciya. Haka kuma in likita ya ce kana da ciwon sanyi ko ƙanjamau, ku zo asibiti tare, a duba ku duka biyu.

Na biyu, daraja. Wanda ake kushewa gaban yara ko gaban dangi yakan daina ƙoƙari. Uwargida, ki yaba abin da ya kawo, ko kaɗan ne. Maigida, ka ce mata sannu da aiki, ka saurare ta har ta gama magana.

Na uku, sa zuciya ga gobe ɗaya. Ma'auratan da suke shawara tare kan kuɗin makarantar yara, da gona, da tazarar haihuwa, sun riga sun ɗaure gobensu wuri guda. Da wuya saɓani ya raba su.

Wannan zancen lafiya ne. Damuwar da aka haɗiye takan fito a jiki: rashin barci, ciwon kai, faɗuwar gaba, rashin cin abinci. Takan kuma tsananta hawan jini. Ƙwaya ba ta isa ba in ba a taɓa tushen ba.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Amma duka ba saɓani ba ne, kada a ce wa wadda ake duka ta yi shiru. Ku nemi fasto, ko liman, ko ma'aikacin asibiti mai riƙon asiri. Yau da dare, bayan yara sun kwanta, ku zauna ku biyu ku yi magana.

Allah ya ba gidajenmu zaman lafiya.