Banjo a Cikin Hamada: Me Masoya Ke Nema Wurin Tsohon Makaɗi?

A watan Mayun 2023 ƙungiyar Tinariwen, wadda Abzinawan arewacin Mali suka kafa tun wajen 1979, ta fitar da kundin waƙoƙinta na tara mai suna Amatssou. Da farko an shirya ɗaukar waƙoƙin ne a birnin Nashville na Amurka, a situdiyon mawaƙi Jack White, amma annobar korona ta hana tafiyar, sai aka kafa tanti a Djanet da ke kudu maso gabashin Aljeriya aka yi aikin a can. Daga baya wasu baƙi suka ɗora nasu a kai. Wes Corbett ya kaɗa banjo, Fats Kaplin ya goga gogen Turawa, shi kuwa Daniel Lanois, mutumin Kanada da ya taɓa haɗa wa U2 da Bob Dylan sauti, ya sa hannu a wasu waƙoƙin. Masu sharhi a jaridun Turai sun yaba. Sai dai yabon bai kashe tsohon ƙorafin da ke bin ƙungiyar tun kundinta na Tassili, wanda ya ci kyautar Grammy a 2012, ba: wai baƙi sun yi yawa, sautin ya yi sumul fiye da kima, kuma an daina yi wa mutanen hamada kiɗa, an koma yi wa kunnen Bature.

Kowace tsohuwar ƙungiyar kiɗa ta san wannan ƙorafi. Lokacin da Rolling Stones suka fitar da Hackney Diamonds a Oktoban 2023, kundinsu na farko na sababbin waƙoƙi tun 2005, wasu tsofaffin masoyansu sun koka cewa matashin da ya haɗa sautin ya goge shi har ya rasa ƙurar da aka san su da ita. An yi wa Bob Dylan ihu a Newport a 1965 don kawai ya ɗauki jita mai lantarki. Bahaushe kuma ba ya bukatar ƙetare teku kafin ya ji irinsa, domin duk inda aka taru ana hirar waƙa, daga Yelwan Yauri har Maraɗi, da wuya a tashi ba a sami wanda ya ce kiɗa ya mutu tun ranar da fiyano ya shigo ba.

Ƙorafin yana da ɓangaren da ba shi da tushe, kuma Tinariwen da kanta ta tona shi wata shida kafin fitowar Amatssou. A Nuwamban 2022 aka sake fitar da wani tsohon kaset nata mai suna Kel Tinariwen, wanda aka ɗauka a Abijan a 1991, shekara goma kafin duniya ta san ƙungiyar. Wanda ya kunna shi yana tsammanin jin jita tsura da tafi da guɗar mata, sai ya tarar da fiyano da gangar inji, irin sautin da ake yayi a situdiyoyin Afirka ta Yamma a wancan zamani. Busasshen sautin nan da ake kira na asali, wanda Turai ta fara ji a kundin The Radio Tisdas Sessions na 2001, an ɗauke shi ne a gidan rediyon Kidal tare da Baturen Ingila Justin Adams da makaɗan ƙungiyar Lo'Jo ta Faransa. Ashe hannun baƙo yana cikin abin da ake kewa tun ranar farko.

Ita kanta jitar baƙuwa ce a wurin Abzinawa. Kiɗan gargajiyarsu shi ne tende, turmin da ake rufe wa baki da fata mata su kaɗa, da imzad, goge mai tsirkiya ɗaya wanda shi ma mata ne ke goga shi, sai tahardant da ke hannun maƙera. Ibrahim Ag Alhabib, jagoran ƙungiyar, wanda aka kashe mahaifinsa a tawayen 1963 yana ƙaramin yaro, ya harhaɗa jitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke. Samarin da fari da rashin aiki suka kora Aljeriya da Libiya, waɗanda ake kira ishumar, su ne suka rungumi wannan kiɗa suka riƙa miƙa wa juna kaset hannu da hannu. A idon dattawan wancan lokaci, abin da ake kira gargajiya yau shi ne sabon yayi.

Batun banjo ma da abin dariya a cikinsa. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi a tsibiran Karebiyan, da ƙwarya da fata da sanda, a kan fasalin kayan kiɗan da suka baro gida. Duk wanda ya taɓa ganin gurmi ko molo ya ga danginsa. Idan banjo ya shiga waƙar hamada, jika ne ya zo gaida kakanni, ko da kuwa ya zo sanye da malafar Amurka.

Mutanen Yauri suna da ma'aunin da ya fi wannan kusa da su. Aliyu Ɗandawo, mutumin Shuni ta ƙasar Sakkwato, ya yi wa sarakunan Kabi kiɗa a Argungu kafin ya koma Yauri, ɗansa Sani Aliyu Ɗandawo kuma ya gaje shi har sunansa ya haɗe da na garin. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma babu ɗan makaɗin da ya gaji kiɗa bai gaji gwaji tare da shi ba. Idan ya bi sawun uban sau da ƙafa, a ce kwaikwayo yake yi. Idan ya kauce, a ce ya zubar da gado. Haka 'ya'yan Musa Ɗanƙwairo suka tarar bayan rasuwarsa a 1991, haka ma na Mamman Shata bayan 1999. Tsohuwar ƙungiyar da ta fitar da sabon kundi tana cikin irin wannan hali, sai dai ita uban da ake gwada ta da shi ita ce kanta a shekarun ƙuruciya.

A nan ne ya kamata a tsaya a dubi yadda waƙar baka take, domin yawancin gardamar daga mantuwa da shi ta samo asali. Manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun bayyana cewa waƙar makaɗan Hausa tana da gindi, wato amshin da ake komawa gare shi, tana kuma da ɗiya, waɗanda jagora ke saƙawa a tsakani. Gindi yana nan daram, ɗiya kuwa suna ƙaruwa suna raguwa gwargwadon wuri da lokaci. Idan wani basarake ya shigo fage ana tsakar waƙa, sai a yi masa ɗa nan take. Idan wanda aka yi wa zambo bara ya shirya da ubangida bana, sai ɗansa ya ɓace daga waƙar kamar ba a taɓa yi ba. Bakandamiyar Shata ba sau ɗaya aka ɗauke ta ba, kuma ɗaukar ba su zo iri ɗaya ba. Makaɗin fada bai san wani abu wai shi kwafin asali ba. Na'urar ɗaukar murya ce ta zo da shi: gidan rediyo ko kamfanin faifai ya kama waƙar wata rana guda, da muryar ranar da 'yan amshin ranar, aka yi ta juya ta a kaset shekara da shekaru har kunne ya haddace inda jagora ya ja numfashi. Daga nan duk wani rerawa ya zama kuskure a wurin mai sauraro, har da wanda makaɗin ya yi da bakinsa.

Saboda haka idan masoyi ya ce sabuwar waƙa ba ta kai tsohuwa ba, sau da yawa gaskiya ya faɗa, amma game da kansa. Tsohuwar ta same shi yana da shekara ashirin, a motar da ta kai shi makaranta ko a daren bikinsa. Sabuwar ta same shi da ciwon baya da kuɗin makarantar yara. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Dattawan Gungawa da aka tasa daga tsibiransu lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968 sun fi kowa sanin cewa ana iya kewar wuri da gaske alhali babu jirgin da zai mayar da mutum can, kuma laifin ba na matuƙin jirgi ba ne.

Duk da haka, kuskure ne a watsar da ƙorafin gaba ɗaya, domin akwai tambaya mai nauyi a ƙarƙashinsa: wa ake yi wa waƙar? Makaɗin fada yana kallon ubangidansa ido da ido. Daga gare shi riga ke fitowa, da doki, daga baya mota da kujerar Makka, kuma ba a ɓoye cewa wanda ya ciyar da makaɗi yana da hannu a abin da makaɗin zai faɗa. Ubangidan Tinariwen a yau shi ne mai sayen tikiti a Paris da Landan da New York, mutumin da ba ya jin ko kalma ɗaya ta Tamashek. Ba son rai ne kawai ya jawo haka ba. Masu iƙirarin jihadi da suka mamaye arewacin Mali a 2012 sun haramta kiɗa, a Janairun 2013 kuma suka kama ɗaya daga cikin makaɗan ƙungiyar, Abdallah Ag Lamida, kafin su sake shi. Kundin Emmaar na 2014 a hamadar Kalifoniya aka ɗauke shi domin tasu hamadar ba ta shiguwa. Amma ko da dalilin ya karɓu, haɗarin yana nan: makaɗin da ya shekara ashirin yana rera wa waɗanda ba sa jin harshensa zai iya wayar gari kalmominsa sun zama ado, abin da ake sayarwa kuma ya koma rawani da raƙumi a bangon faifai.

Wannan shi ne ma'aunin da ya dace a ɗora wa Amatssou, kuma a kansa kundin ya tsira. Ma'anar sunan ita ce tsallake tsoro. Waƙoƙin suna kiran Abzinawa su haɗa kai, suna kokawa da masu tsattsauran ra'ayi. Mai sayen tikiti a Landan ba shi ake wa wannan magana ba. Wata shida bayan fitowar kundin, a Nuwamban 2023, sojojin Mali tare da mayaƙan Wagner suka shiga Kidal. Wanda ya shagala da ƙidayar tsirkiyoyin banjo bai ji abin da ake faɗa ba.

Labarin Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar, ya bi hanyar ne a juye, kuma ya ratsa ta ƙasar Hausa. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da gangar inji da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, ya kuma yaɗu daga waya zuwa waya ta memori har ya faɗa hannun kamfanin Sahel Sounds na Amurka. Yau an san shi da jita mai ƙara kamar tsawa, musamman a kundin Funeral for Justice na 2024. Da juyin mulkin Yulin 2023 ya rutsa da ƙungiyarsa a Amurka, suka sake ɗaukar waƙoƙin nan da jita marar lantarki, aka fitar da su a 2025 da sunan Tears of Injustice. Murya uku ke nan daga mutum ɗaya, kuma masoyin da ya nace sai an nuna masa ta asali, amsar da tarihi zai ba shi ita ce ta Sakkwato, mai gangar inji.

Akwai kuma abin da masu ƙorafi ba sa son a taɓo. Kiɗan kotso ko taushi yana bukatar jama'a: jagora, 'yan amshi, makaɗa, sanƙira, kowa da iyalinsa da bakin da zai ciyar. Fiyano yaro ɗaya ne a ɗaki ɗaya. Lokacin da kyautar fada ta ragu, kaset kuma ya koma memorin da ake cika wa mutum da ɗaruruwan waƙoƙi a bakin kasuwa ba tare da ko kwabo ya isa ga mai waƙa ba, ba lalacewar kunne ce ta kori 'yan amshi ba, lissafi ne. Abin da ya rage mai biya da kauri shi ne ɗan siyasa, shi ya sa waƙar kamfen ta zama babbar sana'a. A Agadas, ƙungiyar Etran de L'Aïr ta riƙe sautinta tun 1995 saboda bukukuwan aure na garin ne suka ciyar da ita shekara da shekaru. Inda mutanen gida ke biya, da su ake magana. Mai albashin da ya shekara goma bai sayi waƙa ɗaya ba, bai kuma taɓa gayyato makaɗan gargajiya bikin gidansa ba, ƙorafinsa a kan fiyano ba shi da nauyin da yake zato.

Tinariwen dai ta samu masu tono mata tsofaffin kaset, su gyara, su rubuta shekara da wuri da sunan kowane makaɗi. Waƙoƙin gidan Ɗandawo, da na Narambaɗa, da na Ɗanƙwairo, yawancinsu suna yawo ne a YouTube da wayoyin mutane babu shekarar ɗauka, babu sunayen 'yan amshi, wani lokaci ma da sunan wani makaɗin daban a kansu. Masarautar da ta iya farfaɗo da bikin Rigata, ƙarƙashin sarkin da ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba za ta gaza tara waƙoƙin makaɗanta wuri ɗaya ba, kuma har yanzu akwai dattawa a Yelwa da Argungu da za su iya jin kaset su faɗi ko muryar wane ce ke karɓi a bayan jagora.