Wa ya kai yaran Kance birnin Dakar?

A ƙarshen watan Oktoba na 2013, an tsinci gawawwaki 92 cikin hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocin da suka ɗauko mutanen ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Daga cikinsu 52 yara ne, 33 mata, kuma da yawansu daga yankin Kance na jihar Damagaram suka fito. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana 3. Da aka gama makoki, motoci suka ci gaba da tashi.

Sai a watan Maris na 2022, wani gidan talbijin na Senegal ya nuna ƴan Nijar, mata da ƙananan yara, suna bara bakin titunan Dakar. Nan da nan hukumominmu suka aika jirage, aka kwaso sama da mutum 1000. Kunyar idon baƙi ce ta tashe mu, alhali yaran nan sun shekara da shekaru suna wucewa gaban idonmu.

Kullum amsar ɗaya ce: talauci. Gaskiya ne, a Kance da Magariya jama'a ta yi yawa, gonaki sun tsuke, cimaka ba ta kai wa wata damina. Amma talaka mai neman tuwon dare ba ya da kuɗin motar da za ta kai shi Dakar ko Tamanraset. Akwai mai ba da rancen tafiya, akwai mai mota, akwai mai masauki a can. Abin da ya fi muni, akwai iyayen da ke ba da hayar ƴaƴansu ga mai tafiya, a yi ciniki kamar na jakin sufuri, domin kowa ya san hannun yaro ya fi na babba jawo sadaka. Wannan fatauci ne, mai jari da riba, har ana gina gidaje da shi.

Doka kuwa ba ta ƙaranta ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara tun 1990. Dokar 2010-86 ta ranar 16 ga Disamba 2010 ta haramta fataucin mutane, ta kuma tanadi hukumar ANLTP domin yaƙi da shi. Takardu dai, masha Allah, mun cika durowa da su.

To, jama'a, mace ɗaya da yara biyar ko shida waɗanda ba ita ta haife su ba, shinge nawa take wucewa kafin ta bar ƙasa? A nan maganar ta shafi masu karatun wannan jarida. Ma'aikacin da ke buga hatimi kan takardar haihuwa ko izinin tafiya ba tare da ya ga uban yaro ba, da jami'in da ke karɓar na goro ya ɗauke kai, da ɗan kasuwar da motarsa ke ɗaukar irin wannan ayari, duk suna da kaso cikin cinikin, ko sun sani ko sun ƙi sani.

A ganinmu, mayar da mata ƙauyukansu da buhun hatsi ba ya tsinke wannan igiya. Da yawa cikinsu kan sake kama hanya kafin buhun ya ƙare. Kamata ya yi kamfanonin sufuri su riƙa rubuta sunan kowane yaro da na wanda ke riƙe da shi, hakimai da masu gari su san yaron da ya ɓace daga aji ko daga makarantar allo, alƙalai kuma su nemi mai jarin, a yi masa shari'a a bainar jama'a, a garin da ya ɗebi yaran.