Ruwan jima da ruwan rini: ina za mu zuba su?

Jama'a masu karatu, manoma da makiyaya na Tasawa da Mayahi, maganarmu ta yau a kan ruwan da ke fitowa daga wurin jima da wurin rini ce.

Kowa ya san darajar fatar jar akuyar Maraɗi. Da yawa daga cikin fatun da ake saye a kasuwanninmu, Kano ake kai su. Can, a manyan ma'aikatun Calawa da Sharaɗa da Bompai, ana jeme su da wani sinadari mai suna kurom. Ruwan da ke fita daga nan cike yake da gishiri da guba. Yana malala cikin kogin Calawa da na Jakara, inda masu lambu ke ban ruwa.

Akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, ana kiran su bakteriya. Wasunsu suna kawo cuta, wasu kuwa aikinsu cinye ƙazanta. Su ne ke ruɓar da taki a gona. Amma gishiri mai yawa yana kashe yawancinsu, domin yana tsotse ruwan jikinsu. Dalili ke nan da ya sa fatar da aka barbaɗa wa gishiri ba ta ruɓa. Dalili ke nan kuma da ya sa ruwan jima yake daɗewa da gubarsa.

To, masana sun gano wasu bakteriya masu son gishiri. A shekarar 1980 aka bayyana wata mai suna Halomonas, daga wurin haƙar gishiri a tsibirin Bonaire, kusa da Amurka ta Kudu. Tana rayuwa cikin ruwan da ya fi na teku gishiri nesa ba kusa ba. Bincike ya nuna danginta suna farfasa launin rini, suna kuma juya kurom mai tsananin guba ya koma mai sauƙi, har ya kwanta a ƙasan ruwa.

Labari ne mai daɗi. Sai dai a ganina, kada mu dogara da shi. Waɗannan halittu ba su cin gishirin kansa. Ruwan da suka tsabtace, in an kai shi gona, zai ƙone shuka, ƙasa ta yi fari. Kurom kuma dangin ƙarfe ne, ba ya ɓacewa, sai an kwashe laka an killace ta. Ban da haka, aikin yana bukatar kwarami na siminti da lokaci da ma'aikaci mai kulawa. Tabkin da yara ke wanka, shanu ke sha, ba wurin gwaji ba ne.

Majemanmu na gida suna aiki da bagaruwa da toka. Wannan ya fi kurom sauƙi ƙwarai, ya kamata su riƙe shi. In fata ta zo da gishiri, a kakkaɓe shi tun yana bushe kafin a jiƙa ta. In hali ya yi, a shanya fata a inuwa ba tare da gishiri ba. Masu rini da garin launi na kanti da soda, su ma ruwansu yana da haɗari. A haƙa masa rami, a daɓe shi da siminti, nesa da rijiya da tabki. A kwarin Gulbin Kaba ƙasa rairayi ce, abin da aka zuba nan da nan yake nutsewa.

Irin waɗannan bakteriya a wuraren gishiri da kanwa suke zama, kuma Nijar tana da su a Bilma da Tegidda da ƙasar Manga. Muna kira ga malaman Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi su ɗebo ruwan can su bincika, su gwada abin da suka samu a kan ruwan majemanmu.