Hawan Sallar Kano Da Rabon Mutanen Karkara

Sharhinmu na yau zai duba bukukuwan al'ada na birnin Kano, musamman hawan sallah, da rabon da mutanen karkara suke da shi a ciki, irin mu na Kafin Dafga da sauran garuruwan ƙasar Karaye da Rogo.

A ƙasashen Turai, manyan birane kan tara bukukuwansu ne a 'yan watannin da sanyi ya sake su, daga Yuni zuwa Agusta. Tun 1947 birnin Edinbara yake shirya gagarumin bikin wasanni da kaɗe-kaɗe a watan Agusta, Landan ma tana da nata bikin titi na unguwar Notting Hill a ƙarshen watan. Mu namu lissafin daban ne, domin abu biyu muke dubawa, wata da gona. Wata ne ke kawo mana tashe idan azumi ya kai goma, ya kawo sallah ƙarama da babba, ya kawo Takutaha da ake hawa Dutsen Dala mako guda bayan Maulidi, da Maukibin Ƙadiriyya da ke cika titunan birni. Gona kuwa ita ke kawo kalankuwa da dambe da kokawa, bayan amfani ya shiga rumbu. Da yake shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, sallah takan zagaya rani da damina da kaka da hunturu a cikin shekara 33 ko kusa da haka. Babbar Sallar 2024 ta faɗo ranar 16 ga Yuni, ta 2025 kuma ranar 6 ga Yuni, daidai lokacin da manomi ke fama da shuka da noman farko. Ƙaramar Sallah kuma a waɗannan shekarun cikin zafin bazara ake yin ta.

A cikin duk waɗannan bukukuwa babu kamar hawan sallah. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara fita sallar idi a filin Shadakoko, kuma a zamaninsa aka shigo da kakaki da figini da dawakin zage cikin kayan sarauta. Shi ya gina gidan sarki da har yau ake kira Gidan Rumfa. Ke nan duk mai kallon hawa a Ƙofar Kudu ta wannan gida yana kallon al'adar da ta haura shekara 500. Turawan mulkin mallaka sun tarar da ita ne, suka ari fasalinta suna shirya wa manyan baƙinsu, kamar hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956. Bayan samun 'yanci ma an sake yin irinsa a Kaduna lokacin bikin FESTAC na 1977.

Kowace rana a hawan Kano da ma'anarta. Ranar idi sarki yakan dawo daga masallaci a kan doki, ya ratsa unguwanni yana karɓar gaisuwa. Washegari da yamma a yi Hawan Daushe, sarki ya tsaya a Babban Ɗaki ya gai da mahaifiya, sannan ya ƙarasa Ƙofar Kudu. Rana ta uku Hawan Nasarawa, a ziyarci makwancin sarakunan da suka gabata, a gai da gwamna a gidan gwamnati, a bi ta Sabon Gari domin baƙin Kano su ma su san ana yi da su. Daga nan sai fita bayan gari, Ɗorayi ko Fanisau. Duba tsarin da kyau: ibada a gaba, sai biyayya ga uwa, sai addu'a ga magabata, sai girmama hukuma da baƙo. Wannan darasi ne da ake koya wa yara a bainar jama'a sau biyu a shekara.

Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu da yammacin Hawan Daushe ya san abin da ake nufi. Tun la'asar sakaliya fili ya cika, yara a kan kafaɗun iyaye. Hakimai na shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da kalar kayan mutanensa, da makaɗansa, da maroƙinsa yana kirari. Sai ƙarar bindigogin gargajiya ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe, kakaki ya amsa, algaita ta ɗauka, a hango laima tana juyawa a tsakiyar dogarai masu ja da kore. Ga 'yan lifidi, ga 'yan sulke. Idan sarki ya tsaya sai a fara jafi. Mahaya su jeru, su saki linzami a guje, ƙura ta tashi, sai dab da sarki su ja birki gaba ɗaya, dawaki su tsaya cak, hannuwa su ɗaga da jinjina. Saboda wannan tsari ne hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a taronta na birnin Asunsiyon na ƙasar Faragwai a watan Disambar 2024, ta saka hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Kafin nan bikin kamun kifi na Argungu ya samu irin wannan matsayi a 2016.

To, ina ruwan mutumin Kafin Dafga da wannan? Da ruwansa, har da tsaki ma kuwa. Dokin da ake tafa wa a Ƙofar Kudu ba a kwalta yake kiwo ba. Harawar da yake ci, ta wake ko ta gyaɗa, a gonakinmu ake yanka ta da kaka, a ɗaure ta dami-dami, a jibge ta a kan bishiya ko rufin soro, a jira rani ta yi daraja. Dawar da ake zuba masa da dusar da ake jiƙa masa da kanwa daga kasuwannin ƙauye ake auno su. Makonni kafin sallah mai kula da doki ya fara aiki: wanka, da gyaran kofato, da kilisa safe da yamma domin doki ya saba da gudu da hayaniya. Fatar da baduku zai yi ragama da ita ya gyara sirdi, ta awakinmu ce da tumakinmu. Maƙeri na ƙera likkafa da linzami, mai ɗinki na yi wa jalala ado, tela ba ya barci, masu lalle da kitso ba sa shan iska. Direban da ke jigila tsakanin Karaye da birni ya san makon sallah ne makon cika mota. Yaranmu da suka tafi cin rani, masu tura kurar ruwa da masu sayar da rake da shayi, a kwanakin hawa suke haɗa abin da za su aiko gida a sayi taki. Su kansu mahayan da ke bayan hakimai, da yawansu dagatai ne da masu unguwanni da samarin karkara. Shekara da shekaru Sarkin Karaye yana shiga birni da tawagarsa ya yi hawa a cikin manyan ƙasar Kano. Don haka hawan sallah na duk ƙasar Kano ne, birni dai shi ne mai masauki.

Wannan ne ya sa abin da ya faru a 'yan shekarun nan ya taɓa kowa. A 2020 annobar korona ta hana hawa, jama'a suka yi haƙuri domin lalura ce. Amma daga Mayun 2024, bayan Majalisar Dokokin Jihar Kano ta soke dokar masarautu ta 2019, aka mayar da Muhammadu Sanusi na biyu kan gadon sarauta, Aminu Ado Bayero da aka sauke kuma ya garzaya kotu, sai al'amari ya ɗauki wani salo. Rundunar 'yan sanda ta hana hawa a faɗin jihar a Babbar Sallar 2024, ta sake hanawa a sallolin 2025 duka biyu, bisa dalilin tsaro. Sallar farko da ta biyo bayan karramawar UNESCO, babu hawa aka yi ta. Ba aikin wannan sharhi ba ne ya ce wane ne da gaskiya, wannan na kotu ne. Kuma babu mai hankalin da zai fifita kallon doki a kan ran ɗan Adam. Abin da muke cewa shi ne asarar ba a kan masu rigimar ta fi sauka ba. Ta sauka ne a kan baduku da ya ci bashin fata, da manomin da ya ajiye harawa, da makaɗin da ke jiran tukuici, da yaron da ya yi sallah uku bai ga sarki a kan doki ba. Sana'o'in nan a hannun dattawa suke. In ciniki ya tsaya, ɗan baduku acaɓa zai koma, kuma ranar da aka dawo neman mai ɗinka kayan doki sai a tarar babu magaji.

Mu dubi maƙwabta. A Ijebu-Ode ta Jihar Ogun, kwana biyu bayan Babbar Sallah ake bikin Ojude Oba, shi ma da dawaki da gaisuwar sarki. Sun tsara shi, kamfanoni na ɗaukar nauyi, 'ya'yan garin na dawowa daga ƙasashen waje domin sa, hotunansa na zagaya duniya ta wayar hannu. A Jamhuriyar Nijar, tun 1975 da aka fara a Tawa ake gasar kokawar gargajiya ta neman takobi, ana zagayawa da ita jiha-jiha. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na soja da na farar hula, kokawa tana nan, domin an ɗauke ta a matsayin kayan ƙasa. Kano ba ta gaza su tarihi ko dawaki ko jama'a ba. Abin da ya rage mata shi ne a raba hawa da siyasa, a kuma tsara shi.

Dole kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ko a shekarun da ake hawa lafiya, akwai abin da ke korar mutanen kirki daga kallo. 'Yan daba kan fake da tawagar hakimai su fito da makamai, a yi faɗan unguwa, a ƙwace wayoyin jama'a. Wasu samari kan sha ƙwaya su hau doki su take yara. Malamai na kokawa da cakuɗuwar maza da mata da wasa da lokacin sallah, kuma kukansu abin saurare ne. Maganin waɗannan a hannu yake. Kowane hakimi ya san waɗanda ke bin bayansa, ya rubuta sunayensu, ya ɗauki alhakinsu. A keɓe wa mata da yara wurin tsayawa. A tanadi ruwan sha da motocin ɗaukar marasa lafiya, musamman yanzu da Ƙaramar Sallah ke zuwa cikin tsananin zafi. A sanar da hanyoyin da za a bi tun da wuri ta gidajen rediyo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin Kano.

Mu ma a gida akwai namu aikin. Dokar da aka yi a watan Yulin 2024 ta bar Karaye da masarautarta mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo. Muna da fada, muna da hakimai da dagatai, muna da dawaki. Muna da noman rani albarkacin madatsar ruwan Challawa da ke cikin ƙasarmu, ga masara da dawa da rake. Amma ina kalankuwa? Dattawanmu sun san yadda ake yi. In an gama girbi samari da 'yan mata su haɗa kuɗi, a naɗa sarkin samari da muƙarrabansa, a gayyato makaɗa, a dafa abinci, a aika wa ƙauyukan maƙwabta goron gayyata, a yi kwanaki ana wasa, dattawa na sa ido. A nan matasa ke koyon shugabanci da riƙon amanar kuɗin jama'a da karɓar baƙi. Yau a garuruwa da yawa ya zama labari. Da an sauke amfani matasa sun hau mota sai birni ko Kudu, waɗanda suka rage kuma kansu na kan waya.

Ba lallai a dawo da komai yadda yake a da ba. A tace, a ɗauki mai kyau, a zubar da abin da ya saɓa wa addini. Za a iya ware kwana biyu ko uku da kaka a kowace shekara, a yi sukuwar dawaki da kokawa da langa, a baje amfanin gona da kayan sana'ar hannu, a ba manomin da ya fi ƙwazo kyauta, a sa 'yan makaranta gasar karin magana da tatsuniya da tarihin garuruwansu. A riƙa zagayawa da shi, bana Karaye, baɗi Rogo, wata shekara Kafin Dafga ko Yammedi ko Zarewa. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na taron siyasa guda ɗaya ba, ribarsa kuwa a aljihun mai shayi da mai ƙosai da direba za ta tsaya.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Kano da jami'an tsaro da dattawan Kano da su zauna su samar da tsarin da zai sa a riƙa hawa kowace sallah cikin aminci, ko wane irin saɓani ake ciki. Muna kira ga Majalisar Masarautar Karaye da shugabannin ƙananan hukumomin Karaye da Rogo da su kafa kwamitin bikin kaka tun kafin damina ta ƙare, su sa malamai da matasa da mata a ciki. Muna kira ga attajiranmu da ke Kano da Kaduna da Abuja da su ɗauki nauyin abin da zai raya garuruwan da suka haife su. Ku kuma iyaye, ku kai yaranku su ga hawa, ku bayyana musu ma'anar abin da suke gani, ku tsawatar wa duk wanda ya ɗauki makami da sunan kallo.

Allah ya zaunar da Kano da ƙasa baki ɗaya lafiya, ya ba mu damina mai albarka.