Na'urar Ba Ta San Masunci Ba, Mu Kuma Mun Yi Shiru



A wani zamanmu na ƙungiya a nan Birnin Kebbi na tayar da batun kyamarar da ke gane mutum. Wani ya ce wannan aikin 'yan kwamfuta ne, ina ruwan marubuci? Ban yarda ba, ga kuma dalilina.

Ita na'urar nan ba a karanta mata siffar ɗan Adam. Hotuna ake nuna mata dubbai bisa dubbai, an zagaye mutum a kowanne, har ta koyi tsamo shi da kanta. Wasu kyamarorin kuma suna harba hasken da ido ba ya gani don auna nisan abin da ke gabansu, kamar Kinect da Microsoft ya fitar a 2010. Abin da aka nuna mata shi kaɗai ta sani.

To a kai ta Matan Fada ranar gasar kamun kifi ta Argungu. Masunta dubbai cikin ruwa har ƙirji, ga gora, ga homa, laka ta rufe jiki. Wadda ta koyi mutum daga masu tafiya a titunan Turai tana iya kasa raba kai da gora. Mai auna nisan ma hasken rana da ƙyallin ruwa suna dagula mata lissafi.

Kada a ce hasashe nake yi. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin fuska na manyan kamfanoni uku. Wajen bambance mace da namiji, kuskure a kan fararen maza bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a kan baƙaƙen mata kuwa ya kusa kashi 35.

Kuma abin ya riga ya shigo gida. A zaɓen 2023 BVAS ce ke tantance mu da yatsa ko fuska. Tsohuwar da aiki ya cinye mata zanen yatsa, na'ura kuma ta ƙi fuskarta, ta rasa ƙuri'arta. Wa zai ba da labarinta in ba mu ba?

Amma dubi littattafanmu. In kwamfuta ta fito, tsafi muke mayar da ita: jarumi ya danna maɓalli, hoton ɓarawo ya bayyana. Wannan ragwanci ne, kuma muna koya wa mai karatu cewa na'ura ba ta kuskure. Ranar da ta nuna ɗansa bisa kuskure, da wane baki zai yi musu?

Masu cewa ba su karanci fannin ba, ai kuna rubuta asibiti ba ku zama likitoci ba. Tambaya kuke yi. Ga ɗaliban kwamfuta nan a kwalejin Waziri Umaru, ku tambaye su.

Aikin wannan mako: gajeren labari a kan mutumin da na'ura ta ƙi gani, ko ta ɗauke shi a matsayin wani. Wanda bai yarda da ni ba, ya kawo hujjarsa, ina jira.