Ajiye Shirin Talabijin Don Kallon Gida: Ina Halas Ya Tsaya?

Akwai tambayar da magidanta da ɗalibai ke yawan yi. Mutum ya biya kuɗin wata na dikoda, ya naɗi tafsiri ko wani shirin da yake so, sai ya tarar na'urar ta kulle abin da ya naɗa, ba ya kwafuwa zuwa waya ko filash. Shin ya halatta ya nemi masani ya ɓalle masa makullin, alhali shi da iyalinsa kaɗai za su kalla?

A Maigatari, Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar tambayar tana da dalili. Wutar lantarki ba ta da tabbas, sabis yakan yi rauni a ƙauyukan bakin iyaka, kuɗin data kuma ya ƙaru tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Na'urori irin su DStv Explora suna naɗar shiri, amma abin da suka naɗa a ɗaure yake da dikodar da kuma biyan kuɗin wata. Idan ta ƙone, komai ya tafi. Mai neman ajiye kwafi sau da yawa asara yake gudu, bai nufi cutar da kowa ba.

Sai dai kyakkyawar niyya ba ta isa hujja a kan haƙƙin wani. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta shi. A kan wannan sai a ɗora batun alƙawari. Suratul Ma'ida da umarnin cika alƙawura ta fara, kuma ya inganta daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa sharuɗɗan da Musulmi suka ƙulla suna kansu. Wanda ya sayi dikoda ya karɓi sharaɗi, ko ya karanta takardar ko bai karanta ba, kuma makullin kansa sanarwa ce cewa mai abu bai yarda a kwafa ba.

Malamai sun yi sassauci a wani wuri. An naƙalto daga Sheikh Ibn Usaimin, Allah ya jiƙansa, cewa wanda ya kwafa don amfanin kansa, mai abu kuma bai fito ya hana hakan ba, ana fatan babu laifi. Idan ya hana a fili, sai a tsaya. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bi hanya mai kama da wannan: ta bar ƙofa ga amfanin kai cikin adalci, ta kuma haramta ɓalle makullan fasaha.

Abin da muke gani shi ne, shirin da aka watsa kyauta babu kulle, mutum ya naɗa ya ajiye wa gidansa, babu damuwa a kansa. Wanda aka kulle kuwa, barinsa shi ne mafi kuɓuta ga addinin mutum, ko da zuciya tana raya masa cewa ai ya biya. Kuɗin kallo ya biya, bai sayi shirin ba.

Wani abin da ya ƙarfafa mana wannan ra'ayi shi ne, kwafin gida ba ya zama a gida. Maƙwabci zai roƙa, ɗalibi zai tura wa abokinsa, kafin a ankara ya isa teburin masu tura fina-finai. Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari takan cika da fatake daga Nijeriya da Nijar, kuma memori ɗaya ya isa ya kai shirin Daɗin Kowa ko Labarina har Damagaram ba tare da sisi ya koma ga waɗanda suka zuba jari da gumi ba. Matasan da ke wannan sana'a 'ya'yanmu ne, abinci suke nema, ba mu ce a kore su ba. Abin da ya dace shi ne su nemi izinin masu shirye-shirye ta hanyar ƙungiyoyinsu, su biya abin da aka yi yarjejeniya a kai, domin cinikinsu ya tsarkaka.

Tafsiri da wa'azi suna da nasu hukuncin. Malamai da yawa sun ba da izinin yaɗa karatunsu, kuma inda aka san haka, naɗa da rabawa aikin lada ne, matuƙar ba a yanke maganar malami an sauya mata ma'ana ba, abin da ya zama annoba a wayoyinmu. Inda tasha ce ta kashe kuɗinta ta ɗauka, ta kuma ce a nemi izini, a nema.

Su ma tashoshi da kamfanonin dikoda akwai nauyi a kansu. Wanda ke karɓar kuɗi daga mutanen da wuta ke yanke musu a tsakiyar shiri, ya kamata ya samar musu da hanyar saukewa ta halas a farashin da manomin Gagarawa zai iya biya, ya kuma rubuta sharuɗɗansa da Hausa, a karanta wa mai saye kafin ya miƙa kuɗinsa.